Ɗakin da Auta Ta Kulle

"Sai ta sake jin sa," in ji Rediyo, ta rage murya, ta kawo wayar dab da hancinta. "Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ba daga waje ake bugun ba, jama'a. Daga ciki ne."

Mai Sitati ta saki rigar da take ninkewa ta dafe ƙirji. "Ni dai na ce ki daina karanta mana abin nan, ba kya ji."

"To toshe kunnenki mana."

"In na toshe, ta yaya zan san abin da ya faru?"

Gwaggo ta yi dariya ba ta ɗago ba, tana bin wuyan wata farar riga da dutsen guga. Su uku ne a bayan shagon wanki da guga, kowacce da teburinta, fanka ɗaya tana raba musu zafi daidai wa daida. Rediyo dai bakinta ne ya jawo mata sunan, kuma tun da ta shiga wani zauren masu karanta littattafan ban tsoro a waya, sai ta mayar da shagon ɗakin karatu. Kullum da safe babi guda. Sun sha labarin rijiyar da ke kiran mutane da sunansu, sun sha na motar da ke ɗaukar fasinja babu direba. Gwaggo kam ko gezau. Cewa take ita da ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanke zannuwan gadon asibiti kafin ta dawo guga, babu abin da marubuci zai zauna ya ƙago da zai kaɗa mata hanji.

Wannan sabon littafin mako uku ke nan suna bin sa. Labarin wata budurwa ne da ta kulle wani tsoho a ɗaki, ya mutu a ciki, shi ne bugun ƙofarsa yake bin ta duk inda ta sa ƙafa. Ta sauya gida, bugun ya riga ta isa. Marubuciyar ba ta bayyana kanta ba, Mai Baƙin Alƙalami kawai take sa hannu.

"Yau fa za ta gan shi ido da ido," in ji Rediyo. "Ku saurara. 'Ta durƙusa ta leƙa ta tsagar ƙofa. Warin gam da garin katako ya daki hancinta. Yana zaune a kujerar nan mai ƙafa ɗaya fara, uku baƙaƙe, da guntun fensir a bayan kunnensa. Ya ɗaga hannunsa na dama a hankali. Yatsan tsakiya guntu ne, zarto ya cinye kansa tun da daɗewa.'"

"Hagu," in ji Gwaggo.

"Na'am?"

"Hannun hagu ne."

Rediyo ta duba wayar ta dube ta. "Dama aka rubuta a nan. Ikon Allah. Gwaggo, fatalwar ma kin santa ne? Ko tare kuka yi makaranta?"

Mai Sitati ta kwashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta tayar da dutsen gugar a tsaye, a natse, kamar wadda ke ajiye jariri, ta ce, "Ci gaba."

Saura kaɗan babin ya ƙare. Rediyo ta karanta shi da irin muryar da take yi in an zo wurin da take so.

"'Ni ce na murɗa makullin. Ya buga, na ji, na zura takalmina na tafi. Babana ne, ba wani ba. Na gaji da gudu. Zan shiga ɗakin in ja ƙofa, in zauna inda ya zauna, in bar shi ya kulle daga waje.' La ilaha! Ashe ubanta ne! Kun ji 'yar banza? Ta ce babi na ƙarshe yau da ƙarfe huɗu. Wallahi ko Oga zai mutu sai na karanta."

Gwaggo ta zare wayar dutsen gugarta daga bango.

Kujerar nan mai farar ƙafa ɗaya tana gidanta a wannan lokacin da ake maganar, an jingina ta da bango a ɗakin ƙurya. Mijinta ne ya sauya mata ƙafar da ragowar katakon wani teburi, ya ce zai shafa mata fenti, shekara ashirin bai shafa ba. Kafinta ne, kuma da sunan nan kowa ke kiran sa, har ita. Shekara uku kafin rasuwarsa ciwon mantuwa ya kama shi. Da farko guduma yake nema tana hannunsa. Daga baya ya fara fita ba ya dawowa. Sau uku ana tsinto shi, na ukun a tashar mota, ba takalmi, yana tambayar mutane hanyar gidan mahaifiyarsa da ta rasu tun yana saurayi. Manyan 'ya'yan duk sun yi nisa, kowa da nasa gidan. Auta ce kaɗai a gabansu, tana aiki a kantin magani, ita ce kuma ta ce, "Inna, sai dai fa a riƙa kullewa in za mu fita."

Gwaggo ta ce hannunta ba zai iya ba. To sai ya zamana ita take riga fita, Auta ta ajiye masa ruwa da abinci, ta kunna masa fanka, ta danna kwaɗo. Wata goma sha huɗu ana haka. Ran nan Auta ta dawo da yamma ta buɗe, ta same shi a kujerarsa, kansa a jingine, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko a gaban mutane ne ba abin da za a iya. Bayan wata guda Auta ta kama ɗaki kusa da wurin aikinta, wai don kuɗin mota. Tana zuwa ranar hutunta, ta zauna a falo da jakarta a cinya, ta sha shayi, ta tafi. Ko kallon ɓangaren ɗakin ƙurya ba ta yi. In aka ambaci babanta sai ta tuna tana da saƙon da za ta amsa a waya.

Duk wannan Gwaggo tana gani, tana cewa lokaci zai gyara. Ashe lokaci yana can yana rubuta babi ashirin da biyu.

Ta sami Oga, mai shagon, a gaba yana maƙala lamba a jikin riguna.

"Oga, zan fita."

"Yanzu? Gwaggo, kin ga tarin da ke bayan can kuwa?"

"Na gani. 'Yata ce."

Ya ɗago ya dube ta. Shekara tara tana aiki a wurinsa bai taɓa ganin ta da ɗankwali a karkace ba. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Je ki."

A mota ta sami wuri kusa da taga, tsakaninta da wani mai buhun kwanuka. Ƙarfe goma sha ɗaya ya wuce. Motar tana tafiya tana tsayawa, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran mutanen da ba su ce za su je ko'ina ba. Ta ciro wayarta ta kira Auta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta san ba a barin su riƙe waya a bakin kantar sayar da magani, ta sani sarai, amma duk da haka sai da ta sake kira. Labari ne, ta ce wa kanta. Yara suna rubuta abin da ya fi haka, su tashi su ci abinci. Sai kuma ta ji muryar Rediyo tana cewa in zauna inda ya zauna. Yau dai marubuci ya kaɗa mata hanji, kuma ita ta haife shi.

Abin da ya fi damun ta ma ba wannan ba ne. Akwai maganar da take riƙe da ita shekara biyu, alkawari ne ta ɗauka, wanda ta ɗaukar wa kuma yana ƙasa, ba halin ta koma ta ce ya sake ta. Ta jingina kai da gilashi ta ce a ranta, Kafinta, ka yi haƙuri, yau zan ci amanarka.

Kantin maganin a cike yake. Auta tana bayan kanta da farar rigarta, tana yi wa wani dattijo bayanin ƙwayoyi, ɗaya da safe, ɗaya da dare, bayan an ci abinci. Ta rame, Gwaggo ta lura, wuyan rigar ya yi mata yawa, kuma gugar rigar ma ba ta yi ba. Gwaggo ta bi layi kamar kowa. Da ta iso gaba Auta ta ɗago, bakinta ya buɗe.

"Inna? Lafiya? Ƙafar ce?"

"Ƙafa lafiya lau. Magani nake nema."

"Na me?"

"Na mai baƙin alƙalami."

Auta ta tsaya cak. Abokiyar aikinta ta dube su, ta matso ta karɓi layin ba tare da an roƙe ta ba. Auta ta ɗaga katakon kanta, ta ja hannun uwarta zuwa sito, wani ɗan ɗaki mai sanyi cike da kwalaye har rufi. Ta jawo mata kwali ɗaya mai ƙarfi ta zauna.

"Wa ya gaya miki?"

"Kujera ce ta gaya mini. Kin mayar da yatsan hannun dama don kada a gane, kika bar kujera da farar ƙafarta. Wayonki ke nan tun kina ƙarama, ki ɓoye kanki a bayan labule ƙafafu a waje."

Auta ta so ta yi dariya, abin bai fito ba. "Labari ne kawai, Inna. Mutane suna so. Mutum dubu huɗu ke karantawa."

"Na sani, uku daga ciki a shagonmu suke. Ɗaya ta ce ke 'yar banza ce."

"Ba ta yi ƙarya ba."

"Kul. Kada in sake ji." Gwaggo ta gyara zama. "Faɗa mini gaskiya, ba na son kwana. Abin da yarinyar littafin za ta yi da ƙarfe huɗu, ke ma kina da niyyar wani abu ne?"

"Haba Inna! A'a. Wallahi a'a." Ta jingina da kwalaye, ta rufe fuska da hannu ɗaya. "Barci ne dai ba na yi. In na rubuta sai in samu in ɗan runtsa. Na ɗauka in na kulle ta a ciki, ni zan huta."

"Kin rubuta babin?"

"Yana nan. Turawa kawai ya rage."

"To kafin ki tura, akwai gyara. Ba na yatsa ba."

Auta ta sauke hannunta.

"Kin tuna ranar da kika sayo kwaɗo da maƙalinsa, kika ajiye a kan tebur, kika ce za ki nemo mai kafawa? Kika dawo da yamma kika tarar an kafa?"

"Kin ce kin kira wani daga bakin titi."

"Ƙarya na yi miki."

Fankar sito tana ta ƙugi. Daga waje ana jin abokiyar aikin tana cewa wani ya kawo takardar likita.

"Ranar ban je aiki ba," in ji Gwaggo. "Ya tashi da hankalinsa garau, irin ranakun nan da yake dawowa kamar wanda ya je tafiya. Ya kira ni da sunan da yake kira na. Ya ga ledar a kan tebur, ya buɗe, ya juya maƙalin a hannunsa. Ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Ya ce, wannan na ƙofata ne? Na gyaɗa kai. Ya ce, jiya a ina aka same ni? Na gaya masa. Sai ya ce, yarinyar nan ta fi mu hankali, amma ta sayo mai araha. Ɗauko mini akwatina."

"Inna."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ya auna, ya sa alama da fensir, ya huda. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya ce ba wani ɗan koyo da zai zo ya fasa masa ƙofar da ya yi da hannunsa. Da ya gama ya shiga ciki, ya ce in rufe in danna, ya jijjiga daga ciki ya ji ko ta kamu. Ya ce ta yi. Na buɗe masa ina kuka, ya ce ke kuma meye haka, ba gara ɗakina da bakin mota ba?"

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, a kan siminti, da farar rigarta.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce in kin san yana gane abin da ke samun sa, ba za ki iya fita aiki ba, za ki zauna ki tsare shi ki lalata rayuwarki. Ya ce in bar ki ki ɗauka bai san komai ba, zai fi miki sauƙi. Ya sa na yi masa alkawari. Washegari ya tashi bai san ni ba ma." Ta share ido da gefen mayafi. "Shi ya yi kuskure, ni kuma na riƙe masa kuskuren da hannu biyu. Na ga kina ramewa na ce alkawari. Kuma in gaya miki wata gaskiyar, da na iya danna kwaɗon nan da kaina ko sau ɗaya, da ba ke kaɗai kika ɗauka ba. Na bar miki mai nauyin, na ɗauki jakata na riga ki fita. Wannan ba shi ya sa ni ba, ni ce."

Auta ta ɗago kai. Da ta yi magana muryarta ta koma ta yarinya.

"Amma ya buga, Inna. Ranar. Ina sa takalmi ya buga sau uku. Na ji, na ce na makara."

"Na sani. Ban san abin da yake nufi ba ranar, ba kuma zan ƙirƙiro miki ba, ni ba marubuciya ba ce. Wataƙila yana son fita. Wataƙila sallama yake miki. Mutumin da ya shekara arba'in ba ya wuce katako bai ƙwanƙwasa ya ji lafiyarsa ba, har gadon asibiti sai da ya buga ya ce ƙarfe ne, ba shi da amfani. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne wanda ya kafa maƙalin."

Auta ta ja hanci. "Kina faɗa ne don in ji sanyi."

"Ke 'yar kafinta ce ko ba ke ba ce? Tashi mu je ki duba da idonki."

Abokiyar aikin ta ce su tafi, za ta san abin da za ta gaya wa mai kanti. Suka hau mota. Auta ta biya musu, Gwaggo ta bar ta. Wajen rabin hanya kan Auta ya sauka a kafaɗar uwarta, kamar bisa kuskure, bai kuma tashi ba har suka iso.

Gidan ɗaki biyu ne da falo a bene na farko. Gwaggo ta buɗe, ta zuge labule, rana ta shigo. Auta ta ajiye jakarta a kujera. Ta tsaya a bakin ɗan lungun da ke kaiwa ɗakin ƙurya, kamar mai gwada sanyin ruwa da ƙafa, sannan ta shiga. Ƙofar a buɗe take, kullum a buɗe Gwaggo ke barin ta. Kwaɗon an daɗe da cire shi, maƙalin ne kawai ya rage, ya fara tsatsa a gefe.

Auta ta sunkuya. Wata goma sha huɗu tana taɓa ƙarfen nan kowace safiya, idonta a gefe, ba ta taɓa kallon sa ba. Sukuru shida ne, huɗu a jikin ƙofa, biyu a jikin gini. An ɗan fafe katakon yadda ƙarfen zai kwanta daidai, ba tudu ba rami. Tsagar kan kowane sukuru tana tsaye sak, sama da ƙasa, duka a jere kamar 'yan makaranta. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke ɓata lokacinsa a kan wannan. Tana 'yar shekara bakwai ya taɓa sa ta kwance marfin akwati gaba ɗaya saboda tsaga ɗaya ta kalli gefe.

Ta ɗora babban yatsanta a kan na farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kukan da ya zo mata ba mai ƙara ba ne. Gwaggo ta tsaya a bayanta, ba ta taɓa ta ba, ba ta ce ta yi shiru ba.

Can a falo wayar Auta ta fara ƙara a cikin jaka, saƙo na bin saƙo. Huɗu ta yi.

"Mutanenki suna kira," in ji Gwaggo. "Rabinsu ma na san Rediyo ce."

"Su jira."

Ta goge fuska da hannun riga, ta sake duba maƙalin, ta ɗan girgiza shi.

"Inna, ina akwatin kayan aikinsa?"

"Yana ƙarƙashin gado." Gwaggo ta yi jim. "Cirewa za ki yi? In kin ga haka ya fi, cire. Ni ma na sha yin niyya."

Auta ta miƙe. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa ta jawo akwatin, ta hure ƙurar kansa, ta zaɓi sukudireba mai jan mariƙi ba tare da ta laluba ba. Ta dawo bakin ƙofa. Sukuru na ƙasa, na jikin gini, ya ɗan saki da ta girgiza maƙalin, tsagarsa ta karkata kaɗan. Ta sa bakin sukudireban, ta danna da tafin hannu, ta murɗa a hankali har ya kamu, ta ƙara kaɗan har tsagar ta miƙe daidai da 'yan'uwanta.

Ta ja da baya ta duba, kanta a karkace.

"Akwai zanin gado mai tsabta?" ta ce. "Kuma ba ni da rigar da zan sa gobe."

"Cire wannan ki kawo," in ji Gwaggo, ta nufi inda dutsen gugarta na gida yake. "Tun ɗazu take ci mini rai."